Shekarar da Aka Ware Mini Kwano

Da sunan Allah nake sa hannu cikin wannan babi, yadda ake sa hannu cikin tuwon da aka sauke yanzu, don shi ma da zafinsa. Ku ɗiyana, kun san ubanku bai yi lakwal ba. Ɗan bokon da nake da shi karatun manya ne da muka yi ƙarƙashin rumfa, ni da wasu masu gemu, kowa ya riƙe alli kamar ya kama kunama. In kun ga harafi ya faɗi, ku tashe shi ku wuce. Na so in ba ku wannan labari da baki, kuma na gwada ba sau ɗaya ba, sai ku yi ta dariya. Ban ga laifinku ba. Mutumin da ya tsufa yana zolayar jama'a, ranar da ya ce gobara ta tashi cewa za a yi ya ƙaro wani. Shi ya sa na sa shi a takarda, ita ba ta da gefen baki da za ku leƙa ku ce murmushi take yi.

Wadda ta tayar da ni jikata ce, Nana, ɗiyar Sani, wadda ke lise, babbar sakandare. Ran nan bayan la'asar tana zaune bakin ɗakina tana haddar Ingilishi, Turancin mutanen Najeriya, sai na ji tana ta nanata wata kalma kamar mai kiran kaji: sagiriget, sagiriget.

Na ce, "Ke amarya, wannan wane irin magani ne? Sha ake ko shafawa?"

Ta ce, "Tsoho, ba ka da aiki. Ware mutane ake nuhi."

"To ai rabawa ke nan. Ashe ni ma na iya Ingilishi ban sani ba."

"A'a. Mushe malaminmu ya ce ba a faɗinta in an raba goro, ko gado, ko masu faɗa. Sai in an ɗebe wasu mutane an aje su gehe saboda wani abu da ke tare da su. Baƙaƙe nan, farare can. Masu ciwo can, masu lahiya nan. Kuma ya ce in ka duba, yawanci ba a faɗin wanda ya yi. Sai dai a ce an ware su daga sauran, shi ke nan."

"Ba a faɗin mai hannun?"

"Ba a cika faɗi ba. Ya ce kalma ce mai nauyi, ba mai son a ce shi ne." Ta juya takarda, sannan ta ƙara da cewa, ko kallona ba ta yi ba, "Kamar dai yadda Gwaggo Barira ta yi maka. Baba ya ba mu labari."

Na ji kamar an juye mini ruwan randa a ƙeya. Ashe maganar ta wuce ku har ta sauka ga jikoki. To ku zauna. A nawa labarin akwai mai hannun, sunanta Barira, kuma yau za ku ji abin da hannun ya yi tun daga farko har ƙarshe.

A waccan shekara muna zaune gidan wana, Babanku Alhaji Lawali, a unguwar Zariya cikin Maraɗi. Shi yana fataucin atamfa tsakanin Maraɗi da Katsina, ni kuma aikina in raka kaya in dawo da surutu. Sani, kai lokacin kana gudu ba wando, Zainabu kuma tana bayan uwarku Ramatu, Allah ya jiƙanta. Abin da aka san gidan da shi ba atamfa ba ce, tire ne. Wani ƙaton tire ne da mata biyu ke ɗaukowa bayan sallar magariba su dire tsakiyar zaure. Dokar ubanmu ce Alhaji ya gada: duk wanda tire ya tarar a zaure ya wanke hannu, ba a tambayarsa ɗan wane ne. Masu zuwa kullum su ne Malam Habu tela, mai shago jikin gidanmu, da Mamman direban Alhaji, sai baƙi da Allah ya kawo. Mukan zauna gwiwa na gugar gwiwa, goshi na neman goshi. Ni kuwa a nan na yi suna. Nama a tsakiya ake tara shi, sai an gama Alhaji ya raba, amma ni sai in haƙa rami ta ƙarƙashin tuwo daga gefena, ina ba da labari da baki, yatsuna na tafiya ta ƙasa, sai dai a ga tudun nama yana lotsawa. Malam Habu yakan ce da gwamnati ta san ni da ba ta sayo injin haƙar rijiya ba. Ban mallaki gida ba, ban mallaki shago ba, amma a bakin tiren nan ni ma wani ne. Ku riƙe wannan, don in ba ku riƙe shi ba, ba za ku gane abin da aka ƙwace mini ba.

Tarin ya fara ne da ƙarshen damina. Na sha sassaƙe, na sha zuma da citta, na sha rubutu. Wando ya fara sauka ba da izinina ba. Ranar da na ga jini cikin kaki Alhaji ya sa ni gaba sai likita. Majo, babban mai duba marasa lafiya a wurin, ya karɓi kakina, da muka koma ya ce tarin fuka ne. Ya ce yana warkewa in an sha magani ba fashi har sai shi ya ce a bari, amma kafin nan in raba ɗaki da yara. Alhaji ya tambaye shi maganar abinci. Majo ya ce ba kwano ke ɗaukar ciwon ba, numfashi ne, sai dai mutanen da ke cin tuwo kai da kai cikin zaure mai taga guda, ai duk ɗaya ne. Da muka fito muka kusa gida sai Alhaji ya juyo ya dube ni.

Ya ce, "Ba wanda zai ji maganar ga. Ƙanena ba ya cin abinci shi kaɗai kamar wanda ba shi da kowa. Ba a gidana ba."

Allah ya saka masa, da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma tari ba ya riƙe asiri, kuma Maraɗi ba ta kwana da labari. Ba wanda ya ce mini uffan. Kawai dai Mamman direba motarsa ta koyi lalacewa daidai kiran magariba. Baƙi suka riƙa tuna cewa sun ci a gida. Malam Habu kuwa ran nan da aka dire tire sai ya ce shi yau azumi yake.

Na ce, "Malam, ai rana ta faɗi. Ko azumin jemage ne?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce cikinsa ne dai ba daɗi, ya sa takalmi. Haka zaure ya yi ta zubewa har ya rage daga ni sai Alhaji, da tiren da zai ƙosar da unguwa. Yana ci yana karkata fuska wajen ƙofa, in na yi tari sai hannunsa ya tsaya cikin iska, sannan ya ƙarasa lomar don kada in gani. Ina gani. Shi kunya ta hana shi ya ce in tashi, ni kuma tsoro ya hana ni tashi, don a raina in na bar bakin tiren nan to na amsa cewa mutuwa zan yi. Da dare kuma ina kwana ɗaki guda da ku, don in aka ba ni ɗaki na daban an tona abin da ake ɓoyewa.

Sai Yaya Barira ta zo daga Tibiri. Ku kun san ta tsohuwa, ba ku san ta da ƙarfinta ba. Ita ce babbarmu, ita ta goya ni da uwarmu ta rasu. Ta auri Bagobiri, ya rasu ya bar ta, ta zauna can tana dama hura. Hurar Barira kuwa ranar kasuwar Tibiri sai ka yi layi, har daga nan Maraɗi akwai masu aikawa da kwano. 'Yar ƙarama ce kamar tsinke, amma muryarta ta fi ta tsawo. Ta shigo zaure muna tsakiyar ci, ko mayafi ba ta gyara ba.

Ta ce, "Lawali." Duk duniya ita kaɗai ke kiransa haka ba Alhaji.

"Yaya, sannu da hanya. Ki shiga daga ciki a ba ki ruwa."

"Ba ruwa na zo sha ba. Auta, hid da hannunka."

Na ce, "Yaya, bari in ƙarasa lomar ga. Ko ragon layya ana barin shi ya haɗiye."

Ba ta yi dariya ba. A rayuwata ranar ce ta farko da na jefa mata wasa ya faɗi ƙasa.

Ta ce, "Kunya za ta kashe gidan ga. Kai kana kunyar ka tashe shi, shi yana kunyar ya tashi, ɗiya na shaƙar tarinshi har sahe. To ni ba ni da kunya, Gobirawa sun wanke mini ita tun tuni. Gobe ya bi ni Jiratawa, ya zamna garkarka."

Alhaji ya ce, "Yaya, mi mutane za su ce? Baba ya bar muna tiren ga amana. A ce ni na kori ƙanena da ciwo?"

"Ka ce masu Barira ce. Bayana ya saba da magana."

Da safe uwarku ta ɗaure kayanta za ta bi ni. Yaya ta tare ta a bakin ƙofa, ta karɓe ƙunshin ta mayar ciki.

"Ke da goyo za ki bi shi? In kin tahi, ba ɗaya za mu rasa ba, uku ne. Koma."

"Yaya, mijina ne."

"Ni ma ƙanena ne, kuma na riga ki. Koma, na ce."

Abin da uwarku ta gani ke nan: mijinta a bayan mota da tabarma da buta kamar kayan da aka mayar wa mai shi, da wata mata a gaba fuska kamar dutse. Abin da ta faɗa muku gaskiya ne, ba ta ƙara ko gishiri ba. Sai dai ita a bakin ƙofa ta tsaya. Ko da ta zo dubiya daga baya, Yaya ba ta bar ta ta ƙetaro hanyar ruwa ba, daga can muka gaisa muna ɗaga murya kamar masu cinikin shanu. Don haka ba ta ga sauran ba. Ni na gani.

Alhaji yana da garka a Jiratawa cikin filin noman rani, inda inji ke turo ruwa ta hanyoyin siminti, da wata bukka da mai gadi ya bari. Muna sauka Yaya ta je wurin mai gyaran keke ta roƙo ragowar jan fenti a gwangwani. Ta shafa wa kwanona a gindi, ta shafa wa moɗa, ta shafa wa buta, ina zaune ina kallo. Na miƙa mata goshi na ce ta shafa nan ma, don kada a yi kuskure a ɗauke ni a kai cikin mutane. Ta ce fentin ba zai isa ba, goshin ya yi faɗi. Daga nan na daina yi mata magana. Ku da kuka san ni kun san shiru a wurina ya fi azumin bazara wuya, amma na yi. Ina jiran in ga ta hau mota ta koma ga hurarta, in samu abin da zan riƙe ta da shi har kabari. Sai na ga tana kafa itace tana jingina zana. Ɗaki take yi wa kanta.

Ga yadda take yi in abinci ya nuna. Ta zuba nawa cikin jan kwano ta ajiye gindin mangwaro. Ta ɗebi 'yar toka a murhu ta saki, ta ga inda iska ta kai shi, sai ta je ta zauna ta wajen da iskar ke fitowa, nesa kaɗan, inda murya ke kaiwa amma tari ba ya kaiwa. Ta fuskance ni, ta buɗe nata kwanon, ta ce, "Bisimilla, Auta." Ba ta kai loma baki sai ta ga na kai. Ni kuwa da na gane haka sai na ce na samu sanda. Na rufe kwanona na juya baya. Ita ma ta rufe nata. Da rana haka, da marece haka, wanshekare ma haka. Abin da ba ta sani ba, ko kuma ta sani ta yi shiru, ni ina zagayawa bayan bukka ina yi wa tumatirin maƙwabci aikin gayya. Ita kuwa ba ta zagayawa ko'ina. Sai ran nan na hango ta ta ɗauko tulu daga bakin ruwa, ta yi taga-taga, ta durƙusa, ta daɗe ba ta tashi ba. Da marece ta ajiye kwanoni, ta saki tokarta, ta zauna. Shiruna ya karye.

Na ce, "Ke da ba ki da ciwo, mi ya hana ki ci?"

Ta ce, "An gaya maka ni mayya ce, in ci ni kaɗai?"

"Ai ke kika ware ni."

"Kwano na ware, sakarai. Buɗe ka ci, jiri nike ji."

Na buɗe. Tuwon ya huce, miyar ta kwanta, amma ban taɓa cin abin da ya zauna mini kamar shi ba.

Haka muka yi rani, muka yi bazara, har ruwa ya sake sauka. Kowace safiya tana tsaye kaina sai na haɗiye ƙwayoyin majo, sannan ta ce in buɗe baki in ɗaga harshe, don ta san wanda ta goya. Maganin nan yana mayar da fitsari ja. Ranar farko na fito daga bayan zana na ce mata to ga shi nan, fentinta ya shige ciki. Ranar ta yi dariya har ta riƙe mangwaro. Da na fara jin ƙarfi, tari ya lafa, na ce ai na warke, in bar ƙwayoyin nan masu sa amai. Ta ce in na bari ita za ta sha sauran a gabana, in ya kashe ta in je in yi wa Lawali bayani. Na san za ta aikata, na ci gaba. In ranar komawa likita ta zo, ita ke tsayar da mota a bakin hanya, ta sa ni can baya inda iska ke kaɗawa, ta zauna tsakanina da sauran fasinja, duk wanda ya yi tsaki ta bi shi da ido har ya haɗiye.

Manoman wurin da farko daga nesa suke ɗaga mini hannu. Amma baki ba ya zama banza. Na riƙa zama bakin hanyar ruwa ta nan, su ta can suna aikin garkarsu, ina ba su labarin 'yan duwan masu binciken kaya a iyaka da fataken Katsina, rabi gaskiya rabi nawa. Su kuma suna jefo mini ilimi ta saman ruwa: yadda ake dashen albasa, yadda ake yanke kan zogala don ta yi reshe, lokacin da tattasai ke son ruwa da lokacin da ruwa ke kashe shi. Na fara da 'yan kwamai kaɗan na shuka don kashe zaman banza. Noman nan shi ne daga baya ya ciyar da ku, ya kai ku lakwal ɗin da ni ban je ba, ya gina gidan da kuke karanta wannan a ciki. Na tafi Jiratawa ɗan rakiyar kaya, na dawo da sana'a. Wannan ma ku rubuta shi a wurin da ya dace.

Ranar da majo ya duba kakina ya ce babu sauran komai, ya dafa kafaɗata da hannunsa, ba safar roba. Ya ce in koma cikin iyalina, in ci da kowa, in kwana da kowa. Alhaji ya yanka rago. Zaure ya cika har waje, waɗanda motarsu ta lalace duk ta gyaru. Barka da arziki, barka da arziki, har wuyana ya gaji. Aka yi magariba, na koma wurina na da, jikin ginshiƙi, na naɗe hannun riga. Tire ya shigo. Sai ga wani ɗan kwano sabo fil mai marfi ya biyo bayansa, aka ajiye shi gabana, ni kaɗai. Na buɗe. Hanta ce da ƙoda da tsoka mai kyau, duk abin da na saba haƙa rami dominsa. Ba wanda ya ce shi ya sa a kawo. Har yau ban san ko wane ne ba. Kowa ya sa ido cikin tire kamar yana neman allura.

Na ce, "Ashe sarauta aka ba ni ban ji tambari ba."

Aka yi 'yar dariya. Ɗiyana, wannan farin kwano ya fi jan ciwo nesa ba kusa ba. Jan yana da mai shi, na san wadda zan yi fushi da ita, kuma ta gaya mini ranar da zai ƙare. Wannan kuwa da ladabi ya zo, da hanta a ciki, kuma na gane in na ci daga cikinsa yau, a cikinsa zan ci har in mutu.

Ashe Yaya tana madafa ta ga fitar ɗan kwanon, ta biyo shi. Ta ratsa maza tana tsallake ƙafafu, ba sallama ba gafara. Ta ɗauki kwanon ta kife shi tsakiyar tire. Ta kama wuyan hannuna kamar yadda take yi ina yaro in za ta wanke ni, ta tura shi cikin tuwo har ya nutse. Na gutsuro, ban san na gutsuro ba. Ta karɓe lomar daga yatsuna ta sa bakinta, mace, a zauren maza, gaban baƙi. Ta tauna a hankali ta haɗiye.

Ta ce, "Ni na hid da shi, kuna gani. Ni na maido shi. Wanda bai yarda da majo ba ya yarda da ni. Wanda bai yarda da ni ba, ga ƙoha nan, ba a ruhe ta ba."

Malam Habu ya miƙe, ya ce ya tuna ya bar dutsen guga da wuta bisa rigar mutane. Ya fita, kuma bai sake cin abinci a zauren nan ba har ya bar duniya. Ban riƙe shi a zuciya ba, yana da ƙananan ɗiya, tsoro kuma ba a cire shi da magana. Wasu biyu suka bi shi. Sauran suka zuba wa Alhaji ido. Shi kuwa sai ya miƙo hannu ya tsallake gabansa, ya tsallake tsakiya, ya zo daidai inda yatsuna suka bar rami, nan ya gutsura. Yana ci hawaye na bin gemu, yana cewa matan gidan nan ba su san awon yaji ba.

Mamman direba ya zungure ni da gwiwa ya ce, "Matsa mana, Auta. Wai kai ne mai ciwo, ka zo ka cike wuri."

Na matsa. Ko da na ɗaga kai in neme ta, ta koma ciki. Da asuba ta hau motar Tibiri.

Sauran ba daga bakinta na ji ba, Mamman ne ya gaya mini bayan an daɗe, don ya ga abin da idonsa. Da ta koma ta wanke ƙorai, ta daka gero, ta dama hura ranar kasuwa ta fito da ita bakin ƙofa. Ba wanda ya zo. Masu layi suka riƙa wucewa ta ɗaya gefen hanya suna gaishe ta da kyau. Magana ta riga ta isa: hannun da ya shekara yana wanke kwanon mai fuka. Ta zauna har la'asar, ta juye wa awaki. Ta sake gwadawa kasuwa ta gaba, da ta gaba, sannan ta kife ƙorai. Ba ta ƙara sayar da abin da ake sa wa baki ba. Kanwa da igiya da tsintsiya da kuka taso kuka ga tana kasawa, har kuna cewa Gwaggo ba ta da hannun girki, to daga nan suka samo asali. Na je na same ta da maganar, ta ce dama bayanta ya gaji da daka, in kuma na sake tayar da zancen za ta nemo sauran fentin nan.

Uwarku ba ta huce ba har ta koma ga Allah. Tana gaishe ta, tana ba ta ruwa, iyakarta ke nan. In na fara bayani sai ta ce, "Bar ni, Malam. Ni na san shekarar da na yi." Na bar ta, don ita ma gaskiyarta ce, kuma mutum biyu da suka yi faɗa saboda kowace na son ka rayu, ba ka da bakin raba su. Na gode wa Allah da ya ba ni su duka biyun, da Alhaji wanda kunyarsa ta kusa kashe mu kuma hannunsa ya tsallake tire. Ni dai ban san abin da na yi na samu irin waɗannan mutane ba, in ban da satar nama.

Satin da ya wuce na hau babur ɗin kabu-kabu na je Tibiri. Tana gidan ɗiyan ƙanen mijinta, kuma suna riƙe da ita da mutunci, kada ku ce na ce wani abu. Sai dai idonta ya tafi, hannunta na rawa, in tana ci tana zubarwa, don haka matan gidan sukan kai mata nata ɗaki. Na tarar da ita zaune bakin gado, kwano bisa cinya, ta fuskanci bango, tana lalube. Na ɗauki buta na wanke hannu, na zauna na jawo kwanon tsakaninmu.

Ta ce, "Wane ne?"

"Auta ne."

"Auta mai hurhura. Bari a zubo maka naka, ni ɓata tuwo nike."

"Ni ma haƙora sun ƙare, Yaya. Mu ɓata shi tare."

Muka ci. Matar gidan da ta zo ɗaukar kwano ta ce rabon da ta ga ta cinye tun kafin azumi. Yaya ta tambaye ni ku ɗaya bayan ɗaya, da sunayen ɗiyanku, ba ta tsallake ko jinjiri ba. Da ta zo kan babbanku sai ta ɗan dakata.

"Sani hal yanzu yana jin haushina?"

Na ce aiki ne ya yi masa yawa, kin san 'yan biro masu aikin ofis.

Ta yi murmushi wajen bango ta ce, "Bar shi. Ai da ranshi yake jin haushin."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan koma. Ban ce dole ga kowa ba. Kabu-kabu dai mutum guda yake ɗauka, amma Sani yana da mota.